Kansar baki: wane gwaji ne ya cancanci kuɗin gida bayan an yanki tsoka?

Takardar ba ta wuce shafi ɗaya ba, amma ita gidan kaf ya yi kwanaki yana jira. An yanki 'yar tsoka daga gyambon da ya ƙi warkewa a gefen harshen dattijo, an kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito: kansa ce, irin wadda ke tasowa daga shimfiɗar fatar cikin baki, wadda ita ce kusan tara cikin goma na duk kansar baki. Kafin a kira magariba, ɗan da ke karatu a Masar ya turo saƙo cewa lallai a yi p16 da p53. Wani suruki ya ce shi PD-L1 ya ji ana yi a Indiya. Wani kuma ya zo da labarin gwajin da ake aika tsoka ƙasar waje a karanto ɗaruruwan ƙwayoyin gado a tashi ɗaya. Shawara ta yi yawa, kuɗin kuwa guda ne, na filin da aka sa a kasuwa.

Waɗannan sunaye masu haruffa da lambobi su ne alamomin cikin ƙwayar kansa. Wasu furotin ne da ake rinawa a duba da madubin likita, wasu kuma kurakurai ne a rubutun gadon ƙwayar, sai an karanta DNA ake ganinsu. Kafin a kwatanta su sai an raba aiki biyu da mutane ke cuɗanyawa. Akwai alamar da ke gaya maka dokin nan mai tutsu ne, akwai wadda ke gaya maka linzamin da zai riƙe shi. Ta farko hasashen makoma take yi: ciwon zai dawo ko ba zai dawo ba, da gaggawa ko a hankali. Ta biyu magani take zaɓa. Mai bincike a jami'a yana son duka biyun. Mai jinyar da aljihunsa ya yi ƙasa kuwa, ta biyun ce tasa, don in ka biya kuɗi aka ce maka dokin mai tutsu ne alhali linzami ɗaya ne a gidan, ba ka ƙaru da komai ba sai fargaba.

Zan fara da wanda ba a sa shi cikin gasar ba, don da shi za a auna sauran: tsohon rahoton nan da likitan tsoka, wato mai duba tsokar da aka yanko a ɗakin gwaji, ke rubutawa bayan tiyata, da madubi da rula da rini mai ruwan hoda da shuni. Har yau babu gwajin zamanin da ya kamo ƙafarsa wajen faɗin inda kansar baki ta dosa.

Dubi zurfi. A bugu na 8 na tsarin matakan kansa na kwamitin AJCC na Amurka, wanda ya fara aiki a 2018, an shigar da zurfin ciwo cikin lissafin mataki a karon farko. Likita zai ja layi daga gindin lafiyayyar fatar da ke gefen ciwon, ya sauke ma'auni zuwa inda ƙwayar kansa mafi nisa ta nutsa. Ciwon da faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, zurfinsa bai wuce milimita 5 ba, T1 ne. Da ya wuce milimita 5 ya zama T2, ko faɗin bai ƙaru ba. Mai faɗin santimita 3 kuwa, zurfinsa na haura milimita 10 ya tashi daga T2 zuwa T3. Milimita 5 bai kai kaurin fensir ba, amma a kan wannan ɗan taƙi ake yanke hukunci. A ƙarƙashin fatar ne hanyoyin ruwan jiki suke, masu gangarawa zuwa kaluluwar wuya, kuma iya nutsewar ciwo iya kusantarsa da su. Shi ya sa wani lokaci ciwon da ya toho waje ya yi tsiri, mai tayar da hankali a ido, ya fi wani ɗan gyambo mai rami sauƙi, irin wanda in likita ya taɓa da yatsa zai ji tauri a ƙarƙashi kamar an binne tsakuwa.

Sai ita kaluluwar. Tsohuwar ƙa'idar likitocin wuya ita ce, da kansa ta sauka ko a ƙwaya ɗaya, damar tsira ta ragu da kusan rabi. Abin da ya sa lamarin ya yi wuya shi ne, cikin masu ƙaramin ciwo da aka laluba wuyansu aka ji shi lafiya, biyu zuwa uku cikin goma kansar ta riga ta ɓuya a ciki. An daɗe ana gardama: a cire kaluluwar tare da ciwon, ko a jira sai ta kumbura? Asibitin Tata Memorial na Mumbai ne ya raba gardamar a 2015, ƙarƙashin jagorancin Anil D'Cruz. Cikin mutum 500 na farko da aka duba, waɗanda aka cire wa tun farko kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, waɗanda aka jira kashi 67.5. Ba mamaki amsar ta fito daga Indiya: kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kansar baki a duniya can suke, saboda taunar taba da ƙwallon areka. Na san wani zai tambaya, areka ba goronmu ba ne, 'ya'yan wani icen ne daban mai kama da dabino. Amma ƙunsa garin taba a leɓe, irin tumbak na Sudan da wanda wasu dattawanmu ke yi, shi kam yana cikin masu laifi.

Kowace ƙwayar kaluluwa tana da ɗan ɓawo. In kansa ta cika ta har ta fasa ɓawon ta fantsama cikin kitsen wuya, labari ya canza. Haka nan gefen yanka: ana so a sami aƙalla milimita 5 na lafiyayyar tsoka tsakanin ciwon da inda wuƙa ta bi. A 2004 aka buga manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya na Turai ɗaya na Amurka, kan ƙara sisfilatin, wani maganin kemo mai kashe ƙwayoyin kansa, a kan gashin na'ura bayan tiyata. Da aka haɗa sakamakonsu a 2005, sai aka ga mutum iri biyu ne suka fi cin moriyar ƙarin: wanda kansa ta fasa ɓawon kaluluwarsa, da wanda aka sami ƙwayoyin kansa a bakin yanka. Rahoton kirki zai kuma faɗi ko ciwon ya nannaɗe jijiyar ji yana binta kamar kurangar inabi a jikin igiya, ko ya shiga hanyar jini, da yadda goshinsa yake kutsawa: a dunƙule yake turowa, ko ya watse 'yan tsibirai nesa da uwar. Zai faɗi adadin kaluluwar da aka ƙirga. Ana ɗaukar 18 ko fiye a matsayin shaidar an share wuyan sosai.

Lura da abin da kowane layi ya yi. Zurfi ya ce a buɗe wuya. Kaluluwa da jijiya sun ce a yi gashi. Fashewar ɓawo da gefen yanka sun ce a haɗa da sisfilatin. Kowanne ya faɗi halin dokin, ya kuma miƙo linzami, kuma kuɗinsu yana cikin kuɗin gwajin da dole ne dama a yi.

To, ga p16, wadda ta fi kowa suna, kuma wadda aka fi yi a inda ba gidanta ba. Labarinta gaskiya ne, sai dai na maƙwabta ne. Ƙwayar cutar HPV, wadda Harald zur Hausen ya ci kyautar Nobel a 2008 saboda gano alaƙarta da kansar bakin mahaifa, wadda kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Oktoban 2023, tana haddasa kansa a can cikin maƙogwaro, a tansil da tushen harshe. In ta shiga ƙwayar jiki takan lalata wani birki da ake kira Rb, ita kuma ƙwayar sai ta yi ta ƙera p16 barkatai tana neman tsayar da kanta. Likita zai rina tsokar. In kashi 70 cikin 100 ko fiye na ƙwayoyin kansar sun rine ruwan ƙasa ciki da bai, sai ya rubuta ta fito. Hayaƙi ake gani a ce akwai wuta. A maƙogwaro hayaƙin ba ya cika ƙarya, kuma albishir ne: a binciken da Kian Ang da abokansa suka buga a 2010, masu kansar maƙogwaro mai HPV kashi 82.4 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, marasa HPV kashi 57.1. Saboda girman wannan tazara aka ware musu tsarin mataki nasu daban.

Amma kama da wane ba ta wane. Tushen harshe ba gefen harshe ba ne. Iyakar tana daidai wasu 'yan tsirarrun ƙuraje na halitta da suka jeru kamar harafin V a bayan harshe. Abin da ke gabansu, wato kashi biyu cikin uku na harshen, da ƙarƙashinsa, da dadashi, da cikin kumatu, da ganɗa mai tauri, shi likita ke kira baki. A nan kansar da HPV ta haifar ba ta kai ɗaya cikin goma ba, kuma p16 kan fito babu ƙwayar cutar ko kaɗan: hayaƙi babu wuta. Ƙungiyar likitocin tsoka ta Amurka ta faɗa ƙarara a 2018 cewa kada a mayar da wannan gwaji al'ada a kansar da ba ta maƙogwaro ba. Asarar kuɗin ita ce ƙaramar illa. Babbar ita ce iyali su karanta "p16 ta fito", su je intanet su ga kashi 82, su saki jiki su yi wasa da gashi. Ko a maƙogwaron ma sassauci bai yi daɗi ba: gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2019, na Amurka da na Turai, sun musanya sisfilatin da wani magani da ake ganin ya fi sauƙi, sai mace-mace suka ƙaru. A biya wa p16 in ciwon yana can baya an rasa daga ina ya taso, ko in kumburi ya bayyana a wuya an nemi uwarsa an rasa. In gyambon a gefen harshe yake ko a kunci, a bar kuɗin a aljihu.

TP53 kuwa, wato ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin p53, 'yar gida ce ta sosai. David Lane, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano furotin ɗinta a 1979, shi ya yi mata laƙabi da mai gadin rumbun gado. Aikinta in rubutun gadon ƙwaya ya lalace ta tsayar da rabuwa har a gyara, in ba ya gyaruwa ta sa ƙwayar ta kashe kanta. Taba da giya sukan kashe maigadin. A babban aikin karanta gadon kansar kai da wuya da aka buga a 2015 kan ƙari 279, fiye da takwas cikin goma na waɗanda ba su da HPV an sami TP53 ɗinsu a lalace. Kuma tana faɗin makoma. A wani binciken Amurka na 2007 kan mutum 420 da aka yi wa tiyata, rabin masu lafiyayyar TP53 sun kai shekara 5.4 a raye, masu lalatacciya shekara 3.2, waɗanda lalacewar ta rusa furotin ɗin gaba ɗaya shekara 2 kacal.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya sayar da akuya don ita ba. Na ɗaya, babu maganin da ya shiga jinyar yau da kullum mai gyara ta, kuma babu ƙa'idar jinyar da ta ce a ƙara ko a rage wani abu saboda ita. Na biyu, abin da yawancin ɗakunan gwaji ke yi rini ne, ba karatun gado ba, kuma rinin yana da yaudara. Lalatacciyar p53 takan taru ta yi ruwan ƙasa, haka ne, amma lalacewar da ta datse furotin ɗin ba ta barin abin da rini zai kama. Sai gilashin da aka shimfiɗa tsokar a kai ya fito fes, wanda bai sani ba ya yi hamdala, alhali tana iya zama cikin mafi muni. Inda ta fi burge ni wani wuri ne daban. A 1995 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka ɗauki gefen yanka na mutum 25 da madubi ya ce tsaf yake, suka nemi lalatacciyar p53 a ciki, suka same ta a mutum 13. Biyar daga cikin 13 ciwon ya dawo musu a wurin. Cikin sauran 12 babu ko ɗaya. Wannan ya gaskata abin da Danely Slaughter ya faɗa tun 1953, cewa abin da ke haddasa kansar ba wuri ɗaya yake ƙonawa ba, gonar duka yake bi, ciwon da aka gani shi ne kawai ya riga tsirowa. Shekara talatin ke nan gwajin bai zama na yau da kullum ba, amma darasinsa kyauta ne: wanda aka yi wa tiyata ya riƙa komawa a duba bakin duka, ba tabon kaɗai ba.

EGFR ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Wata eriya ce a jikin ƙwaya mai karɓar umarnin "ƙaru", kuma tana da yawa fiye da kima a kusan tara cikin goma na irin wannan kansa. Alamar da kusan kowa ke da ita ba ta bambanta kowa. Akwai maganin da ke toshe ta, setuksimab, wanda ake sayarwa da sunan Erbitux. A gwajin 2008 kan waɗanda ciwon ya dawo musu ko ya bazu, ƙara shi a kan kemo ya ɗaga tsakiyar tsawon rai, wato lokacin da rabin mutanen suka kai a raye, daga wata 7.4 zuwa 10.1. Sai dai yawan EGFR a gilashi bai nuna wanda zai amfana ba, don haka ana ba da maganin ba tare da gwajin ba. Ki-67, mai nuna yawan ƙwayoyin da ke rabuwa, tana da amfani a wasu kansoshin, amma a baki bincike yau ya ce haka gobe ya ce akasi, kuma ba a daidaita kan lambar da za a kira "da yawa" ba. Cyclin D1 da sauran 'yan uwanta haka: takardun bincike tuli, hukunci a gadon majinyaci babu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wadda ta yi man ita ce PD-L1. Sojojin garkuwar jiki suna da wani maɓalli da ake kira PD-1, wanda Tasuku Honjo na Japan ya gano a 1992, ya kuma raba kyautar Nobel ta 2018 da James Allison. Ƙwayar kansa mai wayo takan ɗaga PD-L1 kamar katin shaidar bogi a shingen bincike. Soja na gani sai ya sauke bindiga ya ce wuce. Magunguna irin su fembrolizumab, wato Keytruda, da nibolumab, wato Opdivo, suna rufe wannan maɓalli, katin ya daina aiki. Gwajin ƙirga ne: likita zai ƙirga duk ƙwayoyin da suka rine, na kansa da na garkuwar da ke kewaye da su, ya raba da adadin ƙwayoyin kansa masu rai, ya ninka da 100. Sakamakon shi ne CPS. In cikin ƙwayoyin kansa 200 ya ga rinannu 30, CPS 15 ke nan. Dole gilashin ya ƙunshi aƙalla ƙwayoyin kansa 100, shi ya sa ɗan guntun tsoka kamar kan allura ba ya wadatarwa.

A matsayin mai faɗin makoma ita kaɗai, PD-L1 ba abin dogaro ba ce. Wasu bincike sun ce yawanta alheri ne, wasu sun ce sharri. Ƙarfinta a zaɓen magani yake. A gwajin KEYNOTE-048 na 2019, mai mutum 882 da ciwon ya dawo musu ko ya bazu, masu CPS 20 ko fiye da aka ba fembrolizumab shi kaɗai sun sami tsakiyar tsawon rai wata 14.9, a kan 10.7 na tsohon haɗin kemo da setuksimab. Masu CPS 1 ko fiye wata 12.3 a kan 10.3. Wanda CPS ɗinsa bai kai 1 ba, a ƙa'ida ba a ba shi maganin shi kaɗai. Kada lambobin su ruɗe ka: kusan ɗaya cikin biyar ne ƙarinsu ya motse da maganin shi kaɗai, sai dai wanda ya dace yakan daɗe yana cin gajiya. Kuma garkuwar da aka kwance wa takunkumi takan juyo kan mai ita, ta taɓa maƙoƙo ko hanji ko huhu.

A 2025 abin ya matso gaba. Gwajin KEYNOTE-689, mai mutum 714 da ciwonsu ya yi girma amma ana iya cirewa, yawancinsu masu kansar baki, ya ba da fembrolizumab sau biyu kafin tiyata, ya ci gaba da shi lokacin gashi da bayansa. Tsakiyar lokacin da aka yi ba tare da ciwon ya dawo ko ya ci gaba ba ya tashi daga wata 30.4 zuwa 51.8, kuma a watan Yuni na shekarar hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu CPS 1 ko fiye. Ma'ana, ga mai hali, yanzu tun a tsokar farko ake neman PD-L1, kafin a shiga ɗakin tiyata.

"Ga mai hali" ɗin nan shi ne gaɓar. Ana yin allurar duk mako uku, kuma a farashin Amurka ko wacce ta haura dala 10,000. In iyali sun san ba za su iya ko uku ba, gwajin ya koma sahun TP53: labari babu linzami. Shi ya sa tambayar kuɗin magani take zuwa kafin ta gwaji. Likitocin Tata Memorial, da suka san talauci kamar yadda muka san shi, sun bi ta wata hanya. A 2020 sun nuna cewa ƙwayoyin sha masu araha guda biyu, metotireset da selekoksib, sun fi allurar sisfilatin ga wanda ciwonsa ya wuce warkewa: wata 7.5 a kan 6.1, da ƙarancin wahala, kuma babu wata alamar da ake gwadawa kafin a fara. Bayan haka suka ƙara nibolumab ɗan mitsitsi, miligiram 20 duk mako uku, a kan haɗin ƙwayoyi uku, wato waɗannan biyun da wata ta uku. Cikin mutum 151, masu rai bayan shekara guda suka tashi daga kashi 16.3 zuwa 43.4. Wannan magana ce da ta cancanci a yi da likitan kansa.

Babban gwajin ɗaruruwan ƙwayoyin gado shi ne mafi tsada, kuma shi ne mafi kyan takarda, shafi goma sha da launuka. A wasu kansoshin huhu yana canza rayuwa, don akwai kurakuran da ke da maganinsu na musamman. A baki, abin da zai fi fitowa shi ne TP53 da CDKN2A da NOTCH1 da FAT1, duk birkunan da suka tsinke ne, kuma magani ya fi iya toshe abin da ya yi yawa a kan dawo da abin da ya ɓata. Akwai HRAS a 'yan kaɗan, ƙasa da ɗaya cikin goma, kuma maganinta bai wuce matakin gwaji ba. Wurinsa shi ne bayan magungunan da aka sani sun ƙare, ga mai halin shiga wani gwajin magani a waje. Yin sa kafin tiyata, a zauna makonni ana jiran sakamako, barin jaki ne ana dukan taiki. Gwajin miyau da na ɓurɓushin DNA ɗin kansa a jini ma ana ta aiki a kansu, amma babu wanda ya maye gurbin yankar tsoka. Wanda ya ce zai wanke ka daga kansar baki da tofin miyau, riƙe kuɗinka.

Akwai mai farin tabo a baki da bai zama kansa ba tukuna, shi tambayarsa daban ce. Masu bincike a Kanada da Amurka sun nuna cewa tabon da ya rasa wasu sassan gado a wuraren da ake kira 3p da 9p ya fi saurin rikiɗa. Amma da aka gwada ba irin waɗannan mutane maganin erlotinib don kariya, a binciken da aka buga a 2016, bai hana komai ba. Abin da ya rage musu shi ne abin da ya rage wa kowa mai tabo: a yanka a duba, a bar taba, a riƙa komawa.

Da ni ne a zauren nan da magariba, ga yadda zan kasa kuɗin filin. In ciwon na cirewa ne, kason farko na hoton CT ko MRI na wuya da ƙirji ne, da tiyatar da za ta haɗa da wuya, da cikakken rahoto. In rahoton ya dawo babu zurfi a milimita, babu nisan gefen yanka, babu maganar ɓawon kaluluwa, a koma a roƙi likita ya ƙara, ko a kai gilasan wani ya sake dubawa. Wannan ya fi kowane rini daraja. Kaso na biyu na gashi ne, mako shida zuwa shida da rabi, kwana biyar a mako, kuma ana so a fara cikin mako shida da yin tiyata. Cibiyoyi irin na Shika da Sakkwato da Abuja da Yamai suna karɓar mutane daga nesa, don haka a nemi layi da masauki tun kafin a shiga tiyata. Gwajin ƙoda, mai arhar gaske, shi ke yanke ko za a iya ba da sisfilatin, wato ya fi p53 iko a kan jinyar. Likitan haƙori ya cire ruɓaɓɓu kafin gashi, don cirewa bayansa kan ruɓar da ƙashin muƙamuƙi. Sigari kuwa, wani binciken Kanada na 1993 ya sami kashi 39 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da sha lokacin gashi suna raye bayan shekara biyu, waɗanda ba su sha ba kashi 66. PD-L1 sai in akwai hanyar samun maganin, ko in ciwon ya dawo. Duk waɗannan lambobi na taron jama'a ne, babu wadda ta san kwanan mutum ɗaya.

Abu ɗaya ne zai bar ƙofar gwaje-gwajen nan a buɗe ko bayan shekara: tsokar kanta. Da an yanko ta a tsoma ta cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana tsoka ruɓewa, nan take, mai yawan da zai rufe ta sosai. Ruwan gishiri ko sifirit suna ɓata ta, haka ma barinta kwana da kwanaki a kwalba. Daga nan ake zuba ta cikin kaki, ta zama ɗan dunƙule a gidan roba, bai kai akwatin ashana ba, ana hango tsokar a tsakiya kamar ƙuda a man shanu. In an cire har da ƙashin muƙamuƙi, a nemi a ware dunƙulen tsoka zalla, don asid ɗin da ake laushin ƙashi da shi yana lalata rini da DNA. In za a tafi wani asibiti ko wata ƙasa, a rubuta takarda a karɓi dunƙulen da gilasansa, a duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta rahoton. A sa shi cikin jakar hannu, kada a bar shi a gaban mota a ranar bazara, don kaki ne, yana narkewa.